A FITA TARE: MAGANA GA RASSAN ADAR



Akwai wata magana da ke yawo cikin rassa wadda ya kamata mu tsaya a kanta. In malaman lakwal suka fita neman albashinsu, sai ka ji ɗan kasuwa ya ce, ina ruwana, ni ba gwamnati ke biyana ba. In makiyaya suka yi kukan an nome musu burtali, sai manomi ya ce su suka jiyo. In mata suka taru a kan wahalar ruwa, maza su zauna gindin itace suna kallo kamar ba su ne za su sha ruwan ba. Kowa yana ganin nasa shi ne kuka, na ɗan'uwansa kuwa hayaniya ce. Mu dai a ganinmu wannan hali shi ne babban abin da ke sa talaka ya yi ta kuka ba a share masa hawaye, kuma mahukunta sun fi mu sanin haka. Ba da fatar baki za mu tabbatar muku ba. Abin da ya auku cikin ƙasar nan ya isa shaida.

Ku tuna zamanin Nasara. An kashe aikin tilas a shekarar 1946, amma ma'aikaci baƙar fata ya zauna ba shi da wata doka mai tsare masa haƙƙinsa. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Bamako suka ajiye aiki tun daga Oktoba 1947 har Maris 1948, wata biyar da ɗoriya. Mutum ba ya wata biyar ba albashi sai da mai ciyar da shi. Matan kasuwa da 'yan tireda da dangi na ƙauye su suka riƙe gidajen nan har aka kai ga sulhu. Ran 3 ga Nuwamba 1952 kuma ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka tsai da aiki rana ɗaya gaba ɗayansu, ba a ƙare shekarar ba sai da majalisar Faransa ta zartar da dokar ƙwadago. A nan Nijar sai da aka sake yajin aiki a 1953, Jibo Bakari yana gaba, kafin Nasara su fara aiki da ita. Su wa suka bi shi daga nan har aka kafa jam'iyya a 1954? Ma'aikatan ofis a Nijar ta lokacin nan ba su taka kara sun karya ba don ƙarancinsu. Ƙarfin Sawaba ya fito daga direbobi da karnukan mota, da mahauta, da teloli, da 'yan koli, da fataken goro, da bayin da suka baro gidajen iyayengijinsu, da matan da suke zaman kansu cikin birni. Kowane da abin da ke cinsa. Direba yana kuka da jandarman hanya, ɗan koli yana kuka da manyan kantunan Turawa, bawa yana neman a ce shi ma mutum ne. Da kowa ya tsaya shi kaɗai, da kumandan bai ko ɗaga kai ya dube shi ba.

Amma a nan ma akwai abin lura, kada mu ɓoye shi. A 1956 aka haɗa wannan taron talakawa da jam'iyyar da sarakuna ke goyon baya, aka ci zaɓen 1957 tare. Da ranar gaskiya ta zo, watau ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Faransa ta aiko da Gwamna Kolombani, aka matsa, aka yi barazana, sarakuna da yawa suka juya baya, masu cewa a'a suka tashi da kashi 22 cikin ɗari. A 1959 aka haramta jam'iyyar. Haɗin da aka yi tsakanin masu kuka da masu kuka ya jure ɗauri da gudun hijira. Wanda aka yi da masu rawani don lissafin kujeru, iska ɗaya ta kwashe shi.

Mu tsallako zuwa 1990. Ran 9 ga Fabrairu ɗalibai suka fito a Yamai don an taɓa kuɗin karatunsu bisa sharuɗɗan masu ba da bashi na waje. A gadar Kennedy aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. In da maganar ta tsaya a kan kuɗin ɗalibai, da an yi ta'aziyya an watse, gama manomin Barmu bai san ma ana biyan ɗalibi kuɗi ba. Sai ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta ɗauki gawar nan ta mai da ita tata, iyaye da 'yan kasuwa suka shigo, aka daina maganar kuɗin karatu kaɗai aka koma maganar wa ke mulki, kuma da izinin wa. A watan Nuwamba aka yi yajin aiki na gama-gari, Janar Ali Saibu ya yarda da jam'iyyu da yawa. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991.

To, cikin wannan shekara ta 1990, wata uku kacal bayan gada, a watan Mayu, jini ya zuba a nan arewa da mu, a Cintabaradan. Bayan harin da wasu samari suka kai, soja suka auka wa Buzaye mazauna jeji, aka kashe mutane waɗanda har yau ana gardamar yawansu. Wace kasuwa aka rufe a Tawa saboda su? Wane yajin aiki aka kira? An dai tayar da maganar a babban taron ƙasa bayan fiye da shekara, amma kafin nan zukata sun riga sun ɓaci, samari suka ɗauki bindiga suka shiga duwatsu, ba a sa hannu a takardar sulhu ba sai 24 ga Afrilu 1995. Shekarun nan mu mutanen Adar muka sha su, hanya ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, kasuwar dabbobi ta ja baya. Wanda aka bar shi ya yi kuka shi kaɗai, wata rana zai nemi wata hanya, kuma hanyar ba za ta yi wa kowa daɗi ba.

Har cikin masu fita taren ma ana mantuwa da wasu. Kwamitin da aka naɗa don shirya babban taron ƙasa mutum 68 ne, mace ɗaya tak a cikinsu, alhali kuwa 'yan ƙwadago da ɗalibai masu kiran 'yanci suna zaune a ciki ba su ga aibin haka ba. Ran 13 ga Mayu 1991 mata dubbai suka yi tattaki zuwa ofishin firaminista, aka ƙara musu kujera biyar. Daga nan ne ranar ta zama ranar matan Nijar, kuma a shekarar 2000 aka yi dokar da ta ware musu kaso cikin kujerun zaɓe da na naɗi. Wannan abin kunya ne ga maza masu kiran kansu 'yan gwagwarmaya, kuma muna faɗinsa don kada a maimaita shi cikin rassanmu.

Yanzu ga shekarar da muke so kowane sakataren reshe ya karanta wa mutanensa sau biyu, watau 2005. Cikin wannan shekara ɗaya kuka uku suka tashi a ƙasar nan, kuma yadda kowane ya ƙare ya isa makaranta.

Na farko haraji ne. A farkon shekarar gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗora harajin kaya na kashi 19 cikin ɗari a kan garin fulawa da madara da sukari da ruwan famfo da wutar lantarki. Sai ƙungiyoyin masu saye, da na ƙwadago, da na malaman makaranta, da na kare haƙƙin ɗan Adam, da 'yan kasuwa, suka ƙulla ƙawance guda na yaƙi da tsadar rayuwa. Waɗannan mutane ba ɗaki ɗaya suke kwana ba. Ɗan kasuwa da mai saye kullum cikin ciniki suke, ɗaya na ja ɗaya na ja. Amma harajin ya taɓa aljihun kowa. Ran 15 ga Maris Yamai ta cika maƙil da jama'a. Bayan mako guda aka kira zaman gida, kasuwa a rufe, tasha ba mota, mahauta ba su yi yanka ba, abin ya bazu zuwa sauran manyan garuruwa. Gwamnati ta kama shugabanni biyar, Nuhu Arzika da Maru Amadu da Mustafa Kadi da Musa Cangari da Kasum Isa, ta tuhume su da ƙulla wa ƙasa makirci. Lissafinta shi ne in an sare kai jiki zai faɗi. Jikin bai faɗi ba, domin ba kai ɗaya gare shi ba. In ka kulle shugaban masu saye, na malamai yana waje, in ka kulle shi ma, sarkin tasha bai san da zaman kurkukunka ba, motocinsa suna nan a tsaye. A farkon Afrilu aka sake su, ran 19 ga watan aka yi yarjejeniya. Aka cire harajin daga fulawa da madara, aka sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta, na sukari ya zauna. Ba duka aka samu ba, amma cikin mako biyar gwamnatin da ta ci zaɓe wata huɗu kafin nan ta janye dokar da majalisarta ta riga ta zartar.

Na biyu yunwa ce, kuma wannan a gidanmu ta sauka. Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta bi ta cinye saura. Kafin damanar 2005 buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, dabba kuwa ta faɗi warwas, makiyayi ya kai saniya kasuwa ya komo da abin da bai kai buhu ba. Likitocin agaji suka buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a Tawa da Keita da Dakoro da Maraɗi. Ku dubi kayan nan da aka yi wa zaman gida: fulawa, madarar gwangwani, famfo, lantarki. A 2005 gida nawa ne a ƙasar Takanamat ke da famfo ko mitar wuta? Talakan ƙauye ya tsaya tare da birni a kan kayan da shi ba ya ko saye. Da aka zo kan hatsi, abincinsa, an yi tattaki a Yamai a watan Yuni ana neman a raba abinci kyauta, amma taron bai kai ko kusa da na Maris ba, kasuwa ba ta rufe ba, tasha ba ta tsaya ba. Gwamnati ta ci gaba da sayar da hatsi da rangwame ga mutanen da ba su da ko dala, shugaban ƙasa ya ce ba yunwa, ba a shiga rabon abinci kyauta gadan-gadan ba sai wajen watan Agusta, bayan hotunan yaranmu sun zaga duniya. Da hatsi yana cikin takardar buƙatun Maris tun farko, layi ɗaya da fulawa, muna ganin da ba a jira har Agusta ba. Laifin nan rabi na shugabannin birni ne da ba su tuna ba, rabi namu ne da ba mu aika kowa ya zauna inda ake rubuta takardar ba.

Na uku bauta ce. Ƙungiyar Timidiriya, wadda aka kafa a 1991, ita ce ta dage har aka sa hukuncin bauta cikin dokar ƙasa a 2003. A watan Afrilu 2005, kwana kaɗan bayan yarjejeniyar haraji, aka kama shugabanta Ilgilas Waila, ya yi kusan wata biyu a tsare. Wasu ƙungiyoyi sun fito dominsa, Allah ya saka musu, amma yawancin masu rufe kanti a Maris sun ce wannan maganar cikin gidan Buzaye ce. Alhali ba ta Buzaye kaɗai ba ce. Hadijatu Mani a ƙasar Ƙonni aka sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya a gidan wani mai hali. Sai 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce gwamnatin Nijar ta kasa tsare ta, ta sa a biya ta miliyan 10. Haraji mako biyar, 'yancin mace ɗaya shekara da shekaru daga kotu zuwa kotu. Bambancin ba wai kukanta bai kai na fulawa zafi ba ne. Masu tsaya mata ne ba su da yawa.

Mun san abin da masu gardama za su ce, kuma ba duka ne banza ba. Za su ce taron yuyuyu ba ya daɗewa. Gaskiya ne. Mutanen nan da aka kulle tare a 2005, da tazarce ta zo a 2009 sun rabu, Nuhu Arzika ya goyi bayan Tanja, Maru Amadu ya yi adawa har aka sake kama shi. To sai me? Ba aure aka ɗaura ba. An haɗu a kan buƙata sananniya, an samu, kowa ya koma ra'ayinsa. Fulawar da aka cire wa haraji ba ta koma ba don shugabanni sun ɓata. Za su ce kuma in an tara kuka goma ba a jin ko ɗaya. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba a zuwa gaban mahukunta da buƙata talatin. Amma maganinsa a zauna a tace, ba a kori masu ƙaramin ƙarfi ba. Sa'an nan za su ce manomi da makiyayi ba sa shan inuwa ɗaya. A nan ne muka fi ƙin yarda.

Mu da ke zaune bakin iyakar noma ta arewa, wadda dokar 1961 ta shata, mun san yadda abin yake. Mutane sun yi yawa, gona ta haura arewa, burtali ya matse, rijiyar da kowa ke sha wani mai kuɗi ya kewaye ta ya ce tasa ce. An yi dokar karkara a 1993, an yi ta kiwo a 2010, duka suna nan a takarda. Da ba a aiki da su, sai talaka ya juya kan talaka. A Toda ta ƙasar Maraɗi, a Oktoba 1991, an hallaka Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. A Bangi ta ƙasar Madawa, a Nuwamba 2016, mutum kusan 20 suka mutu. Bayan an binne gawa, wa ya ƙaru? Manomi bai sami ƙarin gona ba, makiyayi bai sami ƙarin ciyawa ba. Wanda ya karɓi kuɗi ya sayar da makiyaya, da wanda ya karɓi na goro ya yanke tara ta zalunci a kan ɓarnar gona, suna nan a kujerunsu. Manomi da makiyayi suna da abin nema guda, a dasa alamun burtali kowa ya gani, a sanar da ranar sakin gonaki da wuri, a yanke ɓarna a gaban shaidun ɓangare biyu. Ran da suka shiga ofis tare da takarda ɗaya, ba wanda zai iya ce wa ɗaya ɗan'uwanka ne ya kawo ƙararka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ko bambancin addini bai hana ba inda aka so. A Kano, a Janairu 2012, da gwamnatin Nijeriya ta ɗaga litar fetur daga naira 65 zuwa 141, Kirista sun yi zobe sun tsare Musulmi suna salla a filin zanga-zanga, kuma kafin wata ya ƙare farashin ya sauko zuwa 97.

Abin da ya sa muka matsa a kan wannan magana yanzu shi ne gawayin ƙasa na Salkadamna, wanda ke cikin ƙasar Takanamat. An aza harsashin tashar lantarki a can a 2014, shekara goma suka wuce ba a kunna ko fitila ɗaya da wutarta ba. Amma gawayin yana nan a ƙasa, kuma duk ran da aka haƙa shi gadan-gadan zai taɓa kowa ta fuskarsa. Manomi za a auna gonarsa, makiyayi za a tare masa hanya, mace za ta ga abin da ya sami ruwan rijiya, saurayin da ke tafiya cin rani Abijan ko Libiya zai tambayi wa za a ɗauka aiki. Mutanen Arlit sun zauna da ma'adinin uraniyom tun 1971, ku tambaye su abin da ƙura da ruwa suka zama, da abin da ya sami ma'aikata da aka rufe ramin Kominak a 2021. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu a mayar wa kananan hukumomin yankin da aka haƙa. Rubutawa daban, biya daban. In kowa ya je shi kaɗai, za a ba mai gona ɗan abin da zai rufe bakinsa, a ɗauki 'ya'yan manya aikin gadi, a ce wa makiyayi ai jeji ba na kowa ba ne, a sallami kowa ta ƙofa dabam.

Don haka ga abin da muke roƙon rassa. Kada ku jira sai ranar fita ku fara neman mutane. Tun yanzu sakatare ya san sarkin pawa da shugaban 'yan tasha da shugabar matan da ke adashi da wakilin makiyaya da malamin lakwal, ya je gaisuwar mutuwarsu da sunan 'ya'yansu, gama ba a ƙulla amana ranar da ake bukatarta. In za a rubuta takardar buƙatu, kowane ɓangare ya kawo guda ɗaya da bakinsa, a karanta da Hausa da Tamajak da Fulatanci a gaban kowa, kada mai ilmin boko ya shiga ɗaki shi kaɗai ya fito da abin da ya ga dama. A yi alkawari a gaban shaidu cewa ba mai sa hannu a sulhu sai an taɓo buƙatar mafi rauni cikin taron, domin dabarar mahukunta kullum ita ce su biya mai ƙarfi ya koma gida a bar saura a rana. Wannan alkawari ya fi kowane wuyar cikawa, musamman ga ma'aikata masu albashi, kuma su muke fara roƙo.

A ajiye asusu, ko dala biyar biyar ce ranar kasuwa, ko tiyar hatsi da kaka, don gidan wanda aka kama da mai talla wadda in ba ta fita ba ba a ɗora tukunya. Kada a ce wa mai sayar da ƙosai ta zauna gida kwana uku ba a tanadar mata komai ba. Ranar fita a sa dattawa gaba da baya, a hana yara jifa da ƙone-ƙone, gama dutse ɗaya ya isa a manta da takardarku a koma maganar gilashin da aka fasa. Mai kuɗi ko mai sarauta da ya zo da goyon baya a karɓe shi da mutunci, a ba shi tabarma, amma kada a ba shi alƙalami.

Kowane reshe ya karanta wannan takarda a taronsa na gaba, a kira mata su zauna a ji tare da su. Sa'an nan a aiko mana da sunayen ƙungiyoyin sana'a da na mata da na makiyaya da ke garinku, da babbar buƙatar kowace guda ɗaya, kafin a saki gonaki.